Haƙoran Injin Baba

A gidanmu, wanda ya zauna gaban uwar maƙera shi ne maƙeri. Saura duk masu taya shi ne, ko da furfura ta cika musu gemu. Haka muka tarar. Baba ya zauna a wurin har ƙarfinsa ya ƙare. Da ya rasu, yayana ya kakkaɓe fatar da Baba ke zama a kai, ya zauna. Ni kuwa ban gusa daga inda nake tun ina saurayi ba. Ina jan zugazugi, in ƙarfe ya yi ja in miƙe in ɗauki babbar masaba, in buga inda Yaya ya nuna mini da ƙaramar gudumarsa.

Ba wai ban iya ƙira ba ne. Wanda ya girma a bakin wuta ya san launin ƙarfe kamar yadda ya san fuskar uwarsa. Amma ƙane ba ya kafa tasa uwar maƙera a gidan da wansa yake ƙira. In yana so, sai ya bar gari. Ni ga iyali, ga gona, ga tsohuwarmu da ba ta son ta farka ta ji ɗayanmu ba ya gidan. Ban bar Dakoro ba. Saboda haka duk hauyar da ta fita daga rumfarmu ta Yaya ce, ko da gumina ya fi nasa yawa a kanta. Abin da nake so a rayuwata bai taka kara ya karya ba. Ina son wata rana a ɗaga hauya a gona a ce wane ne ya ƙera ta, wanen nan kuma ya zama ni.

Bayan rumfar, ƙarƙashin iccen bedi, akwai wani tsohon injin matsa. Ba ya shan mai, ba ya son lantarki. Ƙaton ƙarfe ne mai baki a buɗe, da wani murɗaɗɗen sandan ƙarfe da ke saukowa daga sama, a bisansa kuma dogon hannu mai dunƙulen ƙarfe a kowane gefe. In ka wurga hannun ya juya, sandan zai sauko da nauyin da babu masabar da ke da shi. Daga wani wurin haɗa amalanken jakai ya fito, na wani furoje, wato shirin tallafi, da aka rufe tun muna yara. Baba ya yi musu aiki, da za su tashi suka bar masa shi. Shanu ne suka jawo shi gida. Sai dai ƙarafan da ake ɗaura masa sama da ƙasa, waɗanda ke yanka ko su lanƙwasa abin da aka sa masa a baki, wani ya riga ya kwashe su. Mu haƙora muke ce musu. Baba yakan dube shi ya ce, “Tsoho ne ba haƙori, sai dai a dama mishi kunu.”

Kayan ƙirar uba ba a sayar da su, ba a kuma raba su a gado. Suna zama inda wuta take. Shi ya sa injin ya zauna a nan shekara da shekaru, ana ɗaure akuya a ƙafarsa, mata suna shanya tabarma a hannunsa.

Wani abokina mai garaji a hanyar tasha, sa'ana ne, shi ya fara sa mini abin a rai. Ya ga irinsa yana aiki a Maraɗi. Ya zo a gyara masa wani ƙarfe, ya zaga bayan rumfa, ya dawo yana girgiza kai.

“Ku dai maƙera Allah ya shirye ku,” ya ce. “Kuna da raƙumi ɗaure a gida, kuna ɗaukar kaya a ka.”

“Raƙumin ba shi da haƙora.”

“To kai mi ne ne aikinka? Ba ƙarfe kake ci ba? Ƙera mishi mana.”

Na daɗe ina juya maganar. Abin da ya tsaya mini shi ne wannan: al'ada ta yi magana a kan uwar maƙera, ba ta ce komai a kan inji ba. A tsaye ake aiki da shi, ba a zaune ba. In na yi masa haƙora, ban zauna wurin kowa ba.

Wata rana bayan la'asar, muna tattara kaya, na ce, “Yaya, in gwada yi wa injin nan haƙora?”

Ya yi dariya. “Baba bai iya ba, kai za ka iya?”

“Baba bai gwada ba.”

“To gwada. Amma ba da gawayina ba, ba kuma lokacin aiki ba.”

Na karɓi sharaɗin. Na shiga neman ƙarfe, don ba kowane ƙarfe ne zai zama haƙori ba. Sai wanda ya fi abin da zai tauna tauri. Abokina ya ba ni lam ɗin kamiyo, wato faffaɗan ƙarfen da ke ɗauke da nauyin babbar mota a ƙarƙashi, mafi kaurin da ke cikin tarkacensa. Babban dunƙulen da nake buƙata na ƙasa kuwa, sai da na ji labarin wata kamiyo da ta ƙone tun da daɗewa a hanyar Azagor. Na ari amalanke na tafi. Rairayi ya binne rabinta. Na tona da hannu, na ciro ƙarfen da ke juya ƙafar baya, muka dawo ni da jakin kowa yana jin haushin ɗan'uwansa. Gawayin ƙirya kuma na riƙa saye kaɗan-kaɗan, ina ɓoyewa a ɗakin matata don kada ya haɗu da na Yaya a yi magana.

Hauyar tsaye na nufa, mai doguwar ƙota, irin wadda ake turawa a ƙasar jigawa. Ita ce kowa ke nema in damina ta gabato. Akwai wani tsohon ruwan hauya na Baba da na fi so, mai fikafikai kamar na tsattsewa. Na danna shi a ɗanyar laka, ya bar siffarsa, na bar lakar ta bushe. Da ita nake gwada aikina. Haƙora iri uku na yi nufi. Mai yanka, da mai lanƙwasa, wanda yake mace da namiji, sai mai naɗe wuyan da ƙota ke shiga.

Aikin ba shi da wani sirri sai jimiri. In Yaya ya tashi da yamma, in hura wutar da ya bari da gawayina, in sa lam ya yi ja, in sara da kurfi, in mayar. Ƙarfen mota ba ya son a yi masa gaggawa. In ka buge shi bai nuna ba, ya tsage ta ciki ba ka sani ba. In ka bar shi ya wuce nuna, ya ƙone ya zama banza. Bayan sara sai magagari. Na ci magagari har tafin hannuna ya daina jin zafin kwanon shayi. Kullum in ɗora namijin a kan macen in duba ta gefe. Inda haske ya ratsa, nan ne saura.

Na farkon da na gama, na yi musu abin da muke yi wa gatari, na tsoma su a ruwa da zafinsu don su yi tauri. Na ɗaura su, na sa ƙarfen da ya yi ja, na wurga hannun injin. Namijin ya fashe. Wani ɓallin ya tashi ya bugi kwanon rumfa. Yaya yana alwala, ko juyowa bai yi ba.

“Tsohon ya tauna tsakuwa?” ya ce.

Aikin rani guda ne ya tafi a bugu ɗaya. Abokina ne ya ce ƙarfen mota ba ya son ruwa, baƙin man da aka juye daga inji yake so. Ya ba ni galan guda. Da rani ya zagayo na sake daga farko. Wannan karon na tsoma su a mai, hayaƙi ya turnuƙe gidan har matar Yaya ta fito tana tambaya ko taya ake ƙonawa. Sa'annan na ɗora su a gefen garwashi, suka ɗumama a hankali har suka yi launin karan dawa. Na ɗaura. Na wurga hannu.

Ban manta ƙarar ba. Ba irin ta masaba ba ce mai kuwwa. Wani gajeren nishi ne, kamar bijimi ya sauke numfashi. Na ɗaga, na ciro da awartaki. Ga ruwan hauya, fikafikansa daidai, cikinsa da ɗan zurfi kamar na Baba. Abin da ke cin mu dogon lokaci mu biyu, ya fito kafin ƙarfen ya huce. Na kai wa Yaya da hannu biyu. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa shi a uwar maƙera ya saurara, ya miƙo mini.

“Ba laifi,” ya ce.

Wanda ya fara saye wani Buzu ne daga wajen Azagor, mai ɗan noma a gefen kiwonsa, da yakan biyo ta wurinmu ranar kasuwa. Tsakaninmu da Buzaye wasa ne tun kakanni. Ya same ni ina juya hannun injin, ya tsaya ya gyara rawaninsa.

“Kai mai cin garwashi, yaushe ka zama direba? Ina motar za ta?”

“Azagor za ta, ta kwaso ku a koya muku noma.”

“Mu ga abin da ta haifa.” Ya ɗauki guda ya auna a hannu. “Wanga duk kamarsu ɗaya, kamar ƴan gidan maƙera. Ba a gane na gari.”

“Kai da ba ka san gaban hauya da bayanta ba.”

Ya tafi da biyu. Kasuwa ta zagayo ya dawo da maƙwabtansa, ya ce hauyar tana shiga ƙasa kamar wuƙa a cuku. Kafin ruwan farko, mutanen Birnin Lalle sun ji, na ƙauyukan gefe sun ji. Da safe in yi wa Yaya zuga da masaba kamar kullum, da yamma in koma bayan rumfa. Daga baya mutane suka daina jiran yamma. Sukan gaishe da Yaya, su zaga baya su tsuguna ƙarƙashin bedi. Abin da aka samu na gida ne, Yaya ke riƙewa kamar yadda aka saba, ban taɓa cewa wannan nawa ne ba. Ni sunan ya ishe ni. Na ji da kunnena a kasuwa wani yana ce wa wani, “Hauyar ƙanen za ka saya, ta fi daɗewa.” Ranar na dawo gida ban ji rana ba.

Akwai wata safiya da wani dattijo ya shigo rumfar, mutumin da Baba ya yi wa ƙira, Yaya ma ya yi masa. Ya gaishe da Yaya da kyau, ya tambayi iyali, ya tambayi tsohuwa. Sa'annan ya waiga ya ce, “To, ina maƙerin?”

Ina riƙe da zugazugi a lokacin. Gudumar Yaya ta tsaya a sama, ta ɗan daɗe, sa'annan ta sauka a gefen uwar maƙera, ba a kan ƙarfen ba. Da haɓa ya nuna ni. Dattijon bai san abin da ya yi ba. Ni na sani. Tun daga ranar Yaya ya daina yi mini ba'a a kan injin, kuma na fi jin daɗin lokacin da yake yi.

Bayan kaka haƙoran sun gaji. Bakin mai yanka ya dakushe, gefen macen ya ɗan lotsa. Ƙarfen da aka taurara magagari ba ya cinsa, sai an mayar da shi laushi. Yadda ake yi, a gasa shi ya yi ja, a binne shi cikin toka ya huce a hankali da kansa. Na kwance su duka, na gasa, na binne su a tudun tokar da ke bayan rumfa, kusa da tarin tarkacen ƙarafanmu. Yaya yana zaune yana kallo. Shi ma haka yake yi wa kurfinsa.

Washegari aka aiko kawun matata ya rasu a Ɗan Gulbi. Muka tafi, muka zauna zaman makoki. Ban damu ba, toka ba ta ɓata ƙarfe.

Da muka dawo, tun daga ƙofar gida na ga bayan rumfa ya yi fili. Tarin tarkacen babu shi. Dama a shekarun nan masu sayen tsohon ƙarfe a kilo sun yawaita, suna loda kamiyo suna yin kudu da shi. Ban ji komai ba tukuna, tarkace ne, na gida ne. Sai da na ga tudun tokar an baje shi. Na durƙusa na sa hannu. Na tona har ƙasa. Na sake tonawa inda na riga na tona.

Yaya yana wasa wata wuƙa. Na gaishe shi, ya yi mini ta'aziyya, na amsa. Sa'annan na ce, “Yaya, haƙoran injin da na binne a toka.”

“Na sa an share bayan nan. Kunamu sun yi yawa.”

“Suna cikin tokar.”

“Duk abin da ke nan baya ƙarfe ne baƙi. Wa zai tsaya tantancewa?”

“Yaya, kai maƙeri ne.”

Ya ajiye wuƙar. “Na taɓa kayan Baba? Ga injin nan, ko ƙusa ba a cire mishi ba. Abin da Baba ya bari yana nan. Tarkacen mota kuwa ba gadon kowa ba ne.”

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ciwo. Al'ada ta kare injin da bai taɓa yin aiki a hannun Baba ba. Ba ta san da haƙoran da suka sa shi aiki ba, don ba uba ne ya bar su ba, ƙane ne ya yi su.

Na tafi wurin masu kilo a bayan tasha. Kamiyon ta riga ta tashi. Mai sikelin yana shan shayi a inuwar wani tsohon firiji. Na kwatanta masa su, masu nauyi, masu santsi a fuska ɗaya, biyu suna shiga juna.

“Na gane su,” ya ce. “Ai ba cikin tarkacen sunka zo ba. Amalanke ta kawo tarkace da safe. Su daga baya maigidan ya kawo su da kanshi, cikin buhu. Har na ce mishi, malam, wanga kamar kayan aiki ne. Ya ce in auna.”

Ya miƙo mini shayi. Na ce na gode.

Ban koma na faɗa wa Yaya abin da na ji ba. Da na faɗa, sai a tara dangi, a ce yayana ne, a ce in yi haƙuri, a ce ƙarfe ne kawai. Tsohuwarmu kuma ta yi kuka. Haƙurin da za a ba ni ina da shi tun kafin a ba ni. Na san idonsa ya fara rauni, na san yadda yake ji in ya zauna wutarsa tana mutuwa mutane suna wucewa ta gefensa. Na san duk wannan. Sanin bai rage mini komai ba. Da ya ce mini in rage, da na rage. Da ya ce a ce hauyar tasa ce, wataƙila ma da na yarda. Bai ce ba. Ya jira na tafi gaisuwar mutuwa.

Na koma wurin abokina neman wani lam. Ya buɗe hannu. Shi ma yanzu duk abin da ya cire daga mota, kafin ya huce masu kilo sun zo. Kamiyon hanyar Azagor kuwa, ko inda ta kwanta ba a ganewa, an yanka ta an kwashe. Ɗan guntun lam ɗaya na samu, bai kai rabin abin da ake buƙata ba. Yana ƙarƙashin gadon matata. Ban kai shi rumfa ba.

Yammacin da nake ba injin, yanzu ajin manya nake kai shi, ina koyon karatu da rubutu. Akuya ta koma ƙafarsa. Buzun ya zo sau ɗaya, ya zaga baya, ya dawo. Ya buɗe baki zai yi wasa, ya dubi fuskata, ya tambaye ni lafiyar yara.

Da damina ta sake gabatowa, wani manomi daga Birnin Lalle ya kawo hauya a gyara masa wuya. Tun daga nesa na gane ta. Fikafikan tsattsewa, ga kuma ɗan tabo a gefen hagu, inda macen ta lotsa. Ya miƙa wa Yaya, don shi ne a zaune.

“Wagga ta yi mini damina ba ta gaji ba,” in ji manomin. “Irinta nike so, in da akwai.”

Yaya ya juya ta a hannu, ya ƙwanƙwasa ta a uwar maƙera ya saurara.

“Aikin gidanmu ne,” ya ce. “Za a yi maka.”

Ya tura ta cikin wuta. Na ja zugazugi har ta yi ja. Ya ciro ta, ya ɗora, ya nuna wurin da ƙaramar gudumarsa. Na miƙe na ɗauki masaba, na buga inda ya nuna.